Tabarmar da Yaya Ta Bar Mini

Ranar sadakar ukun Yaya, yayar maigidana, ga waɗanda suke tsakar gidanmu na Limawa bayan la'asar. Akwai ni. Akwai 'yata ta fari, wadda ita ce ke rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban yi boko ba, na kuma ja kunnenta kada ta gyara mini magana. Akwai ɗana da matarsa da 'ya'yansu uku: babbar, na tsakiya, da 'yar autar. Akwai kawun yaran, wan uwarsu, da ya zo daga Aujara tare da mai ɗakinsa. Akwai ƙannen Yaya mata biyu daga Jahun, da matan layinmu da suka cika rumfa har ba wurin ajiye buta. Akwai kuma Sista, ma'aikaciyar jinya a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, Kirista ce daga can wajen Filato, ta yafa gyale ta zauna a bakin tabarma kamar 'yar gida. Maigidana ba ya cikinsu, ya riga yayarsa tafiya da daɗewa.

Ƙannen Yaya sun yi kuka har muryarsu ta dishe. Ƙaramar sai maimaitawa take, "Yanzu wa zai ƙara yi mana faɗa?" Matan layi suna share hawaye suna tambayar juna a ina za a ƙara samun man gyaɗan da ba a yi masa algus ba. Jikana na tsakiya ya haye turmin da Yaya take dakan gyaɗa a ciki, ya kifa shi ya zauna, ya ƙi sauka, ya ƙi cin gumba. Sista kuwa magana ɗaya ta yi. Ta ce, "Mama ta tafi da tambayarta."

Ni ban yi kuka a gaban mutane ba. Na ji wata daga bayan rumfa tana cewa, "Inna dai ko gezau." Na ji ta, na kuma san ko matar waye. Abin da ba ta sani ba shi ne idona yana kan matar ɗana. Tun ranar da aka fita da gawa nake kallonta: ta ci ko ba ta ci ba, idonta ya yi ja ko bai yi ba. Domin kowa a gidan nan ya san Yaya ce take riƙe da lafiyar yarinyar nan, kuma na riga na ji ƙishin-ƙishin abin da ya kawo kawun yaran bayan gaisuwa. Yana so ya tafi da ƙanwarsa ƙauye, ya haɗa da babbar jikata, a cire ta daga makaranta ta je ta riƙa kula da uwarta.

Sai na faɗi wace ce Yaya kafin a gane nauyin wannan.

Ta dawo gidan ƙaninta da zama bayan mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye. Ni tana kirana Amarya tun ranar da aka kawo ni, har na yi furfura, har na yi jikoki, ban tashi daga Amarya ba. "Amarya, saki fuska, ba a kotu muke ba." Yara suna ce mata Gwaggo. Ba ta cin goro, amma ba a raba ta da shi a bakin zane, na bayarwa. Tana tsanar a zauna a kan turmi, tana tsanar a bar ludayi cikin koko. Kuma tana da tambaya guda da take yi wa duk wanda ya shigo da labari. A ce mata wane ya yi hatsari a hanyar Jahun, kafin ta ce Allah ya sawwaƙe sai ta ce, "Yaran fa?" A ce an kama wane, ko wance ta yi yaji: "Yaran fa? Wa ya ba su abinci?" Har tsokanarta ake yi. An taɓa ce mata akuyar maƙwabta ta faɗa rijiya, wata ta riga ta da cewa "Yaran fa, Gwaggo?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To ai akuyar tana shayarwa. Ku je ku duba."

Ciwon matar ɗana ya taso ne bayan haihuwar 'yar autar, a kakar riɗi. Da fari barci ne ya ƙaurace mata. Sai shara. Ta share tsakar gida, ta dawo ta sake sharewa, ta sake, har ƙasa ta yi sulɓi, tsintsiya ta ƙare a hannunta ta ɗauko wata. Daga nan ta fara cewa ana so a musanya mata jaririya. Wata rana muka nemi jaririyar muka rasa, sai a cikin kwandon wanki muka same ta, an lulluɓe ta da zannuwa, tana ta gumi. Ba cuta ta yi niyya ba, ɓoye ta ta yi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi addu'a. Da abin ya ƙi, ɗana ya kai ta asibiti aka ba ta gado.

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya san ba a barin mara lafiya shi kaɗai, sai da mai jinya daga gida, mai wanki da kawo abinci da kwana kusa. Ni jaririya ce a hannuna, ina fama da madara da cokali. Yaya tana Jahun wajen ƙanwarta da ta karye. Ɗana direba ne, yana kan hanya. Mai ɗakin kawun yaran ta zo ta nuna fuskarta ga ma'aikata a matsayin ita ce mai jinya, ta kwana, sai riɗinsu ya isa yanka, kuma riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye zubewa yake, dole ta koma gida. Sai kawun ya yi abin da mutanenmu suke yi tun kaka da kakanni: ya kai babbar jikata ta maye gurbin. A lokacin ko goyo ba ta gama iya ɗaurawa ba. Ya ce ai 'ya mace ce, ta iya wanki, kuma uwarta ce. Ya koya mata cewa in ma'aikata sun tambaya, ta ce mai jinyar ta fita sayen abinci. Na ce ban so ba. Ya ce, "Inna, to wa za a kai?" Jaririya tana tsala ihu a kafaɗata, ina gani ya tafi da babbar.

Bayan 'yan kwanaki Yaya ta dawo da yamma, da ƙullin kayanta a ka. Aka ce mata an ba matar ɗana gado. Ta ce, "Yaran fa?" Ta dubi na tsakiya, ta dubi jaririya, ta dube ni. "Babbar fa?" Da na faɗa mata, ko mayafi ba ta cire ba. Ta shiga ɗaki ta naɗo tsohuwar tabarmarta ta kaba, ta fita ta tari adaidaita.

Abin da ya faru a can, daga bakinta na ji, na kuma ji daga bakin Sista, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ta sami yarinyar a bayan ɗakin marasa lafiya, wajen famfo, tana wankin zannuwan uwarta. Akwai shatin haƙori a damtsenta, inda uwar ta cije ta lokacin da take ƙoƙarin hana ta fita. Ta saba ɓuya a nan duk lokacin da ma'aikata suke zagaye. Yaya tana duba hannun sai ga Sista. Ta ga tsohuwa da yarinya da cizo, ta ɗauka Yaya ce mai jinyar da kullum ake cewa ta fita sayen abinci.

"Mama, ke ce kike barin yarinyar nan a nan? Ba ki ji tsoron Allah ba? Nan wurin manya ne, wasu ba su san inda kansu yake ba!"

Yaya ta ce, "Ke 'yar nan, rage murya. Ɗaukarta na zo yi. Ga tabarmata, ni ce mai jinya daga yau. In kina da sauran faɗa ki adana, zan kawo miki mai shi."

Sista ta wanke wa yarinyar ciwon, ta sa mata magani, ta ba ta shayi da burodi. Sannan ta jawo benci ta zaunar da Yaya. Yara nawa ne a gida? Wa yake kwana da jaririyar? Wa yake dafa musu? Suna zuwa makaranta? An taɓa dukan wani a cikinsu tun da ciwon ya fara? Yaya ta ce mini, "Amarya, tun da nake ban taɓa haɗuwa da wanda ya riga ni tambayata ba sai matar nan." Daga ranar suka ƙulla. Sista tana ce mata Mama, ita tana ce mata 'yar nan, kuma duk Kirsimeti sai kwalbar man gyaɗa ta tafi gidan Sista, duk Sallah sai shinkafa ta zo mana.

Da kawun ya zo dubiya, Yaya ta cika alkawari. Ta kama hannun rigarsa har gaban Sista ta ce, "Ga mai shi." Sannan ta ƙara nata: "Yaro ba ya gadin babba. In babu babba a dangi, a zo a gaya mini, ni ban mutu ba."

Rigimarmu ni da ita ta zo ne bayan an sallamo matar ɗana. Ni na ce jaririya ba za ta koma hannunta ba. Na ga kwandon nan da idona. Na ce yara duka a ɗakina, ƙofa a rufe, uwar ta gan su daga nesa. Yaya ta ce, "Ciwo ne ya kama ta, Amarya, ba mutuwa ta yi ba. Kina so ki mayar da su marayu uwarsu tana tsakar gida?" Na ce gara maraya mai rai. Ta ce bakina ba shi da linzami. Na ce ita ba ta ɗauko jaririya daga cikin kwando ba. Muka daina cin tuwo a kwano ɗaya har aka kwana biyu, muna gaisawa kamar baƙi.

Ita ta fara shigowa ɗakina, da goro a hannu. Abin da muka tsayar a ranar shi ya riƙe gidan nan har yau. Kwana, a ɗakina yaran za su yi har likita ya ga ta daidaita. Wannan nawa ne, kuma har gobe ina kan bakana. Amma wanka da ciyarwa da kitso da goyo, uwarsu za ta yi, a tsakar gida, ɗayarmu tana zaune kusa tana tsinkar zogale kamar ba kallo take ba. Wannan na Yaya ne. Magani yana cikin adakar Yaya a kulle, ita take bayarwa. Babbar jikata kuwa an haramta mata abu biyu: ba ta ba uwarta magani, kuma ba mai tambayarta, "Yaya kika ga Ummanku yau?" Yaya ta ce in aka mayar da yarinya 'yar rahoto a kan uwarta, an raba su ke nan ko suna ɗaki ɗaya.

Ta kuma yi abin da ni ban saba gani ba. Ta tara yaran ta gaya musu gaskiya. Ta ce Ummanku ba ta da lafiya, ciwon a kai yake kamar yadda na wani yake a ƙirji, yana da magani, kuma ba wanda ya jawo shi a cikinku. Na tsakiya ya fashe da kuka. Ashe tun farko yana ɗauke da cewa shi ne sila, don ya fasa randar uwarsa ana gobe za ta fara sharar nan. Ba wanda ya sani. Yaya ta ɗora shi a cinya ta ce, "Randa? Ni na fasa randuna sun fi gashin kanka, ka ga wani ya kwanta?"

Saura abu guda, kuma shi ne ya fi wuya. Likita ya ce ciwon yana iya dawowa, kuma in an zo da wuri ba sai an ba da gado ba. To amma ta yaya matar ɗa za ta buɗe baki ta ce wa manyan mijinta kaina ya fara juyawa? Kunya ba za ta bari ba. Yarinyar da ko ruwa ba ta sha a gabana. Sai Yaya ta ce mata, "Ba sai kin yi magana ba. Ranar da kika ji barci ya gudu, hannunki yana neman shara, ki kawo mini tsintsiyar ki ajiye a gabana. Ni na san sauran." A shekarun nan ta kai mata ita ba sau ɗaya ba. Duk ranar da ta kai, yara su dawo ɗakina ba hayaniya, da safe Yaya ta naɗe tabarma su tafi wajen Sista, a gyara magani, galibi su dawo kafin azahar. Ba a sake ba ta gado ba. Amma ni ba ta taɓa kawo mini ba. Ni tsorona take ji, kuma ban ce ba ta da dalili ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Yaya, babbar jikata, wadda yanzu take sakandare, ta ajiye jaka ta ce ita za ta yi jinyar Gwaggo. Yaya, da muryar da ta rage mata, ta ce, "Ko tawa ba za ki yi ba. Ɗauki jakarki." Ni na yi jinyarta. Ana gobe za ta cika ta ba ni makullin adaka, ta riƙe hannuna ta ce, "Amarya, ki saki fuska. In ba ki saki ba, ba za ta kawo miki ba."

Shi ya sa ranar uku nake zaune ina kallo maimakon kuka. Na ga idon matar ɗana. Na ga ta share ƙofar ɗakinta da safe, ta sake sharewa kafin azahar, alhali ba abin da ya zuba.

Da mutane suka fara raguwa, kawun yaran ya matso ya durƙusa a gabana. Mutumin kirki ne, ƙanwarsa yake so, ban taɓa ce masa mugu ba. Ya ce, "Inna, Gwaggo ta tafi, ke kuma ga ciwon ƙafa. Nauyin zai yi miki yawa. Ki bari ta zo gida ta huta. Babbar ta bi ta, ai yanzu ta girma, ta san kan uwarta."

Babbar tana tsaye a bakin madafa da tire a hannu.

Ban kai ga amsawa ba sai na ji motsi. Matar ɗana ce ta fito daga ɗakinta. Ta ratsa ta tsakanin matan layi, kanta a ƙasa, ta zo ta tsuguna a gabana, ta ajiye tsintsiya a kan ƙafata. Tana jiran ta ga abin da fuskata za ta yi.

Ban san ko na saki fuskar yadda Yaya take so ba. 'Yata ta ce wai na yi ƙoƙari. Na dai ɗora hannuna a kan nata na ce, "Na gani. Allah ya yi miki albarka. Je ki kwanta ko barcin bai zo ba."

Mai ɗakin kawun ta ce, "Shara za a yi? Ai an share."

Na ce, "Ba shara ba ce. Tana gaya mini ciwonta yana hanya."

Kawun ya ce, "To kin gani, Inna! Abin da nake faɗa ke nan."

Na ce, "Na gani, kai ne ba ka gani ba. Wancan karon a kwando muka sani. Yau ita ta zo da ƙafarta ta faɗa, a gaban jama'a, a gaban surukarta. Macen da ta yi wannan don 'ya'yanta ba a raba ta da su, ba a kuma kai ta inda asibiti ya yi nisa."

Sista ta matso. Ta ce, "Gobe likita yana gani. Ku zo da wuri. Yaran…"

Na ce, "A ɗakina za su kwana. Da safe makaranta."

Ta ce, "Mai rakiya fa?"

Kawun ya waiga wajen madafa. Ɗana, wanda bai cika magana a gaban surukansa ba, ya ce, "Malam, ba ita ba. An gama wannan a gidan nan."

Na ce, "Ni ce. Ƙafar tawa ta kai ni Jahun gaisuwa, za ta kai ni asibiti."

Kawun ya ce, "Ashe Gwaggo ta bar wakiliya." Ƙaramar ƙanwar Yaya, mai tambayar wa zai ƙara yi musu faɗa, ta ce, "Mun samu, wannan ma ta fi ta zafi." Aka yi dariya a gidan makoki, ni ma ban hana ba. Babbar ta ajiye tiren, ta je ta sauko da ƙaninta daga kan turmi, ta ce masa Gwaggo ba ta son haka. Ya sauka.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata mata makwanci, ya tambaye ta da sauƙi kamar yadda ta sauƙaƙa wa 'ya'yan da ba ita ta haifa ba. Na sa a rubuta wannan ne don jikokina su san wadda ta tsaya musu, don kuma duk wanda zai kai babba asibiti ya tsaya a ƙofa ya yi tambayarta.

Washegari da na idar da sallah na buɗe adaka na ba matar ɗana maganinta, ta sha a gabana, da ruwa, ba ta juya baya ba. Na dama koko, na cire ludayin. Na tsaya a zaure har yaran uku suka sha kwanar layi da jakunkunansu, babbar tana riƙe da hannun 'yar autar. Sannan na shiga ɗakin Yaya na ɗauko tabarmar a bayan ƙofa. Bakinta ya fara zarewa, na ɗaure da tsumma. Na saƙale ta a hammata, na ce wa matar ɗana ta yafa mayafi, muka fita bakin titi na ɗaga wa mai adaidaita hannu.